Aron Kalibraj a Jiratawa

Na manta abubuwa da yawa cikin shekarun da na yi a gidan ɗab'in nan. Na manta sunan mutumin da ya fara koya mani haɗa tawada, Allah ya jiƙan shi, kuma ko jiya sai da na zagaye biro, wato ofis, ina neman hulata alhali tana bisa kaina. Amma ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na shigo ƙofar nan ɗauke da allon tantance albasa a kafaɗa ba, ina tafe ina ƙasaita kamar wanda ya zo ceton gari. Ku sababbin ma'aikata kun ji labarin a bakin Madam Rakiya, kuma na san ta ƙara mashi yaji. To ga nawa, da hannuna na rubuta shi. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri: a aji huɗu na lakkol muka rabu da mushe, wato malaminmu, kuma dukanmu biyu mun ji daɗin rabuwar.

Sunana Ila. Ni ne mashinis na gidan nan, wato mai tuƙa mashin ɗin da ke buga takarda. Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Abin da za a buga a ordinater, wato kwamfuta, ake tsara shi. Daga nan a fitar da shi bisa farantai huɗu na ƙarfe, kowane launi da farantinsa: shuɗi, ja, ɗorawa da baƙi. Duk launin da kuka sani a duniya daga waɗannan huɗun muke haɗo shi. Tsanwa, wadda mutanen Kano ke kira kore, shuɗi ne ya auri ɗorawa. In ɗorawa ta fi ƙarfi a gidan, sai tsanwar ta fito kamar ganyen da ya kwana uku a rana. A gefen kowace takarda kuma akwai ƴan ɗigo-ɗigon launi da muke bugawa don kanmu, daga baya a yanke su a zubar. In ɗigon nan sun fito daidai, mashinis ya sauke nauyinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara huɗu ke nan da maigidanmu, Alhaji Sanda na Tibiri, ya sayo ordinater ɗin da duk kuke kira Gimbiya ba tare da kun san wanda ya raɗa mata suna ba. Ni ne. Ba irin ƴan ƙananan nan ba ce da ɗalibai ke sakawa a jaka su hau moto. Rakiya, wadda ita ke tsara mana aiki tun lokacin, ta ce sunanta stasiyo, wato biro sukutum aka naɗe aka yi mashi marfi. Wai kuma ta tafiya ce. Sau ɗaya na ɗauke ta daga mota zuwa tebur, na gane tafiyar da ake nufi ta mai jaki ce. Cajarta kaɗai a gina katanga da ita. In ta kama aiki tana huci ta gefen hagu, iska mai zafi, har na yi wata guda ina ajiye kofin shayina a nan kada ya huce, sai ranar da Rakiya ta kama ni.

Alhaji bai san komi a cikinta ba sai buɗe marfi da rufewa, amma son da yake mata ya wuce misali. Ya sa tela ya ɗinka mata riga har da aiki a wuya. Rakiya ta ce rigar na toshe mata numfashi, aka yi sulhu: tana sa riga in za ta fita, tana tuɓewa in za ta yi aiki. Kowace Juma'a yakan tafi da ita Tibiri, a buɗe ta a zaure, abokansa su zagaye ta suna kallon hoton wani dutse mai ƙanƙara. Magana ɗaya yake maimaita masu, mu ma ya maimaita mana: “Mutum yana kuskure. Wannan ba ta kuskure.”

Ana nan sai ga Hajiya Tsahara, shugabar matan da ke noman zogala a Jiratawa. Suna shanya ganyen a inuwa, su daka, su ƙulla a leda. Za su kai kayan baje koli a Yamai, suna son etiket, wato takardar da ake mannawa a jikin leda, da hoton ganye a tsakiya. Sharaɗinta ɗaya ne: tsanwar ta zama ta zogalar Jiratawa wadda aka tsinko da hantsi. Rakiya ta tsara, ta juya mata ekaran, wato fuskar ordinater. Hajiya ta duba ta ce, “Ita ce. Kamar in tsinka in kwaɗa.” Aka fitar da farantai, na ɗaura, na buga. Ɗigon gefe suka fito daidai. Ganyen tsakiya kuwa ya fito wani iri, ba tsanwa ba, ba ɗorawa ba, kamar mai zazzaɓi.

Hajiya ta riƙe takardar da yatsu biyu, nesa da jikinta. “Alhaji, zogala na ce. Wanga harawa ce. Ni ba tumaki nike saida ma kaya ba.”

Bayan ta tafi Rakiya ta ce, “Alhaji, tun ranar da aka kawo ta nake faɗa maka, ekaran ɗin yana bukatar kalibraj.”

“Wato kina nufin abu mai aibu na sayo?”

“Ba haka nake nufi ba, ko wacce iri ce sai an...”

“A bar maganar gyara. Lafiyayye ba a kai shi asibiti. Mi ake ƙara mata?”

Ku da kuka san Alhaji kun san kalmar gyara tana ɓata mashi rai, kalmar ƙari kuma tana faranta mashi. Rakiya ta ce ana iya ƙara mata memwar, wato wurin da take riƙe aiki a ka lokacin da take yin shi, amma wannan bai shafi launi ba. Alhaji rabin farko kaɗai ya ji. Kwana biyu aka kawo baret biyu, ƴan falle-falle kamar cingam, su ne memwar ɗin. Ban taɓa ganin tiyata ba, amma na ga wannan. Rakiya ta kashe Gimbiya, ta kife ta bisa tawul, ta je ta dafa ƙofar ƙarfe wai don wutar jikinta ta fita, sannan ta kwance kusoshi goma sha ɗaya tana jera su cikin murfin kwano. Da ta ɗaga bayan, Alhaji ya juya fuska ga bango yana salati. Ta tura baret ɗin a karkace, ta danna, suka ce ƙas. Alhaji ya ce, “Innalillahi, ta karye?” Ta ce, “Ta zauna.”

Gaskiya ƙarin ya yi amfani. Da, in an buɗe babban hoto sai mutum ya yi alwala ya dawo. Yanzu kafin ka ce bisimilla ya buɗe. Aka sake fitar da farantai, na sake bugawa. Harawar nan dai muka samu, sai dai yanzu da sauri muke samunta.

Ranar Litinin Alhaji ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa. Tun da nake da shi bai taɓa rufe ƙofa don ni ba.

“Malam Ila, shekarunka nawa?”

“Alhaji, takardar haihuwata ta ce wajen sittin. Wajen nan kuwa yana da faɗi.”

Bai yi dariya ba. Ya ce a ekaran ganye tsanwa ne, kowa ya gani. A takarda harawa ce, kowa ya gani. Tsakanin ekaran da takarda ba kowa sai ni. Ya ce ido yana tsufa, ba abin kunya ba ne. Hajiya ta ba mu zuwa Alhamis. In bugu na uku bai fito ba, zan sauka daga mashin in koma ƙofa in riƙa karɓar baƙi, a nemo mai sabon ido. Na ce ɗigon gefe fa, sun fito daidai. Ya ce, “Da wane ido ka gan su?”

Da na fito sai na tarar ya riga ya sayo kujerar. Tana nan a bakin ƙofa, sabuwa, irin ta ƙarfe mai saƙar roba ja da fari. Na tsaya na dube ta, ita ma ta dube ni.

A nan zan daina wasa kaɗan. Shekara talatin da ɗoriya na yi a gindin mashin ɗin nan. Na san kukansa na lafiya, na san na ciwo. In takarda za ta maƙale, tafin ƙafata ke fara ji. A ce in koma ƙofa ina jin kukansa a hannun wani, gara a sallame ni gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna kuma, ban da tabbacin Alhaji bai da gaskiya. A makon nan na yi wa buhun gawayi sallama a ƙofar gidanmu ina zaton maƙwabcina ne, har na ji haushi bai amsa ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Talata da la'asar Rakiya ta same ni ina goge mashin ɗin da babu abin gogewa a jikinsa.

“Baba, ba idonka ba ne. Wallahi ba idonka ba ne. Abin kalibraj ne ba mu da shi. Na nema duk Maraɗi babu. Na roƙi ƙawata a Yamai ta aro mani, amma ba zai iso ba sai Asabar.”

Asabar kuwa bayan Alhamis take, ko a ajinmu na huɗu an koya mana wannan.

Yanzu mai hankali zai ce, ɗiyata, mi ne ne abin kalibraj? Ni ban ce ba, don na san kalmar tun kafin a haifi Rakiya. Ina saurayi na yi rani biyu ina aiki a sito na manoman Jiratawa. Akwai wani allo na katako mai ramuka, manya, matsakaita, ƙanana. In an kawo albasa sai a riƙa gwada ta a ramukan, kowace ta tafi buhun da ya dace da ita. Malamin gona da ya kawo allon kalibraj yake kiran aikin. Mai albasa ya rantse tasa duk manya ce, allo ya ce a'a. To da na ji Rakiya ta ce babu shi duk Maraɗi, sai na yi murmushi a zuciyata. Na ce yaran zamani, sun san Yamai ba su san bayan gidansu ba. Yadda za a yi a gwada ordinater a ramin albasa ban tsaya tunaninsa ba. Na ce wannan aikin masu ilimi ne, ni nawa in kawo.

Laraba da sassafe na hau kabu-kabu, moton haya, sai Jiratawa. Na sauka bakin gonaki, ruwa na gudu a magudanai, zogala ta yi layi-layi, tsanwa shar, kamar da gangan take mani. Na tambayi wanda ke riƙe da mabuɗin sito yanzu. Aka nuna mani wata mata a ƙarƙashin rumfa tana duba ganyen da aka shanya. Ta juyo. Hajiya Tsahara.

Na so in koma, amma ɗan kabu-kabu ya riga ya tafi.

“A'a, mai harawa! Lahiya da sahen ga?”

“Lafiya lau, Hajiya. Aro na zo. Allon kalibraj, zuwa yamma in maido.”

“Albasa kuka koma bugawa?”

“A'a. Gimbiya za a gwada.”

“Wace gimbiya? Ta gidan wa?”

Na ce ordinater ɗin Alhaji. Ta ajiye faifan da ke hannunta, ta dube ni tun daga hula har takalmi. Matan da ke gefenta suka daina aiki.

“Malam Ila, abin nan da na gani mai girman tire? Ta wane rami za ta wuce?”

Na ce wannan sirrin sana'a ne. Ta ce to, sirrin sana'a ba ya fita da allon kwafaratif, ƙungiyarsu ta manoma, sai da shugaba. Kafin in ankara ta tatse ni tas: bugu na biyu, baret, Alhamis, har kujerar bakin ƙofa. Da ta ji maganar kujera sai ta juya. Ta shiga gona ta karyo reshen zogala, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, ta yafa mayafi ta ce, “Mu tahi. Ina son in ga yadda ake kalibraj ɗin boko.”

Haka muka shigo Maraɗi, moto biyu, ita a gaba da reshenta, ni a baya da allo mai tsawon hannu biyu a kafaɗa, iska na busa ta cikin ramukan.

Na shiga biro na dangwarar da allon a gaban Rakiya. Na ce, “Madam, a gaya wa Yamai ta huta.”

Ta dubi allon. Ta dube ni. Ta sa yatsa cikin rami ɗaya, ta sunsuna yatsan.

“Baba, mi ne ne wannan?”

“Abin da kika ce babu duk Maraɗi. Gaskiyarki, a Jiratawa yake.”

Na ga mutane suna dariya a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda dariya ta kayar ba sai ranar. Rakiya ta zame daga kujera ta zauna bisa damin takarda, hawaye na zuba, tana son ta ce “albasa” numfashi ya ƙi. Hayaniyar ce ta fito da Alhaji. Ya ga allo, ya ga Hajiya Tsahara tsaye da reshe, ya gane mai kaya ta ji duk abin da ake ɓoye mata. Ya ce a hankali, “Malam Ila, ni da na zaci ido ne kaɗai.”

Wannan maganar ta fi kujerar ciwo. Na tsaya riƙe da hulata.

Hajiya ta juya wajen Rakiya. “Ke ɗiyata, tashi ki share ido. Gaya mani da Hausa, mi ne ne kalibraj ɗinku?”

Rakiya ta tashi ta gyara ɗankwali. Ta ce kowane ekaran da yadda yake nuna launi. Wani yana ƙara haske, wani yana ƙara shuɗi, don ya burge mai saye. Kamar tiyar awo ce da aka bubbuge gindinta: a ido ta cika, a buhu ba ta cika ba. Abin da ke zuwa daga Yamai shi ke auna ekaran ya maido shi kan gaskiya.

“Tiyata ba a bubbuge ta ba,” in ji Alhaji.

Rakiya ba ta yi gardama ba. Ta tura hoton ganyen nan zuwa wayarta, da ta Hajiya, da ta Alhaji. Ta kwantar da marfin Gimbiya har ya shimfiɗe, ta jera wayoyin uku a gefensa, kowace da hoton. Alhaji ya leƙa ya ce duk ɗaya ne, ganye ne dai. Kuma gaskiya, da ƙyalƙyalin gilashi da rubuce-rubucen gefe, ido ba ya tsayawa wuri guda.

Sai Hajiya ta ce, “Malam Ila, miƙo allona.”

“Kada ya taɓa ta!” in ji Alhaji.

Ni da Rakiya muka riƙe allon sama kaɗan, yatsa guda tsakaninsa da gilashi, muka gyara wayoyin har kowace ta faɗa ƙarƙashin rami. Biro duk ya ɗauki warin albasa. Yanzu ba waya, ba ordinater, ba rubutu. Katako ne kawai da ramuka huɗu, kowane rami cike da launi. Na farko kamar ɗanyen lemun tsami. Na biyu kamar gansakukar bakin gulbi. Na uku, wayar Alhaji ke nan, ya yi duhu kamar kuka. Na Gimbiya kuwa yana walƙiya kamar an kunna fitila a cikin ganyen.

“Hoto guda ne?” in ji Hajiya.

“Guda ne,” in ji Rakiya.

“To Alhaji, ga su huɗu, kowace da bakinta. Wacce ce ba ta kuskure?”

Alhaji ya sunkuya ya daɗe. Ya ce wayar Rakiya ta tsufa. Hajiya ta ce tata fa? Ya ce ta sha rana a gona. Ta ce tasa fa? Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce yana da baƙi a ofis. Babu kowa a ofis.

Amma ku lura, allon bai wanke ni ba. Ya nuna dai na'urori ma suna saɓa wa juna. Ko Gimbiya ce mai gaskiya a cikinsu, ni ne mai harawa, ba wanda ya sani tukuna. Na ce wa Hajiya ga shi gobe Alhamis. Ta ce, “Motar kaya sai Litinin za ta tashi. Alhamis na ce maku don na san halin masu ɗab'i. A jira Asabar.” Kwana ukun nan, kullum na shigo sai na wuce kujerar nan. Ranar Juma'a har na zauna a kanta da ba kowa, don in ji. Tana da daɗin zama, abin da ya ƙara ba ni tsoro ke nan.

Asabar da hantsi kar, wato motar fasinja, ta iso daga Yamai. Abin da aka yi ta jira ɗin nan bai kai ƙwan zabo biyu ba, baƙi, da doguwar wutsiya. Na ce wannan ne? Allona ya fi shi kwarjini. Rakiya ta sa aka saki labule, aka kashe fitilar sama, aka bar Gimbiya a kunne rabin awa wai sai jikinta ya yi ɗumi. Sannan ta rataya abin a tsakiyar ekaran kamar kaska a kunnen bijimi. Gimbiya ta shiga sauya launi ita kaɗai, ja, shuɗi, fari, toka-toka, shi kuma yana manne yana saurare. Alhaji na tsaye a bayanmu. Hajiya ta dawo da sabon reshe da allonta, tana zaune tana tauna goro. Ni kuwa na ƙura wa ekaran ido.

Da aka gama Rakiya ta cire kaskar. Ta ɗauko takardar bugu na biyu ta jingina a gefen ekaran. Ta buɗe hoton.

Harawa. Harawar nan tawa, ba ragi ba ƙari, a fuskar Gimbiya. Ka dubi takarda ka dubi ekaran, kamar tagwaye.

“Kin ɓata ta!” in ji Alhaji.

“A'a, Alhaji. Yau ta fara faɗin gaskiya. Launin da ke cikinta ke nan tun farko, ekaran ne ke yi mashi kwalliya. Abin da muka ba Baba shi ya buga.”

Na yi niyyar in ce abubuwa da yawa, na kwana uku ina shirya su, amma da lokacin ya zo sai na bar su. Na fita na je na dafa mashin ɗina kawai.

Sauran aikin bai ɗauki awa ba. Hajiya ta kwance reshe ta ɗora ganye a gefen ekaran. Rakiya na riƙe da linzamin ordinater, ni ina tsaye a kanta. Na ce rage ɗorawa. Ta rage. Na ce ƙara shuɗi kaɗan, kaɗan na ce, Madam, ba miya ba ce. Na ce akwai ja da ya ɓuya a ciki, shi ke kashe ganyen, cire shi. Ta dubi lambobinta ta ce, “Baba, ya aka yi ka gan shi?” Na ce da tsohon ido. Na faɗa da ƙarfi yadda za a ji a ofis, inda Alhaji ya shige.

Aka fitar da farantai, na buga. Hajiya ta ɗora ganyen gaske bisa takarda, ta sa allonta a kai, ta leƙa ta rami ɗaya, ta leƙa ta ɗayan. Ta ce, “Yanzu ka yi zogala.” Rakiya na cewa wai Alhaji ya kai hannu zai ɗauke ganyen ya tsinci takarda. Wannan yajinta ne, ni ban gani ba. Amma ban hana a faɗa ba.

Alhaji bai ba ni haƙuri ba, kuma ban jira ba, na san Bagobirin da nake aiki da shi. Litinin da na zo na tarar an ɗauke kujerar daga ƙofa an ajiye ta a gindin mashin. Ya wuce yana duban waya ya ce, “Don ka riƙa hutawa tsakanin bugu.” Ita ce wadda kuke gani har yau, wadda nake korar ku a kanta. Bayan wata guda ya sayo namu abin kalibraj, ya kuma gaya wa abokansa na Tibiri cewa ƙari ne ya yi wa Gimbiya. Tun daga nan farkon kowane wata ake sakin labule a rataya mata kaskarta. Allon da ke rataye a bango kuwa tsoho ne da Hajiya ta aiko mana kyauta, ta ce a ajiye saboda masu gardama.

Akwai abin da Rakiya ba ta sani ba, yau zan faɗa. A makon da ya biyo baya na ce zan je gaisuwar rasuwa, na zarce wurin likitan ido. Ya sa ni karanta haruffa a bango. Na gaya mashi ko da ido lafiya ni da haruffa ba mu cika shiri ba, sai ya kawo mani masu kama da tsintsiya, in nuna inda suka fuskanta. Ya ce launi ina ganinsa sarai, amma idon hagu ya fara barin nesa. Ya rubuta mani tabarau. Na ce wa mutanen biro na ado ne. Ranar da na fara sa shi na ga maƙwabcina daga nesa, na tabbatar shi ne, sannan na yi sallama.

Abin da na koya ke nan, ku da za ku gaje mu. A sana'ar nan kowa ma'auni ne: ekaran, mashin, idon mashinis, har bakin mai kaya. Kuma kowane ma'auni yana zamewa a hankali ba tare da ya sani ba, yana nan yana rantsuwa daidai yake. Ni na yi gaskiya a kan ganye, amma na je Jiratawa na ɗauko allon albasa don na ƙi tambayar kalma ɗaya. In ba ku gane kalma ba ku tambaya, ko da wanda zai faɗa maku jikanku ne. In kuma wani ya ce maku shi ba ya kuskure, mutum ne ko na'ura, kada ku yi gardama da shi. Ku tambaye shi yaushe rabon da a yi mashi kalibraj.

A gidan nan dai an yi wa Gimbiya, an yi wa mashin, ni ma an yi mani. Alhaji kaɗai ya rage. Rakiya ta ce ta tambaya a Yamai, har yanzu ba a ƙera abin da za a rataya mashi ba.